Teburi na Huɗu

Ni ce a teburin biya na huɗu,
a wani kanti da ke arewacin Toledo.
Shekara shida ina jan kaya bisa gilashi,
na'ura na ƙit, ƙit,
har na iya karanta gidan mutum daga kwandonsa.

Ga Wendell Purifoy nan tafe.
Shekara talatin yana goge daɓen makaranta,
yanzu gwiwa ta ƙi, fansho kuwa
mai gida ya ci rabi,
maganin hawan jini ya lashe kwano.
Lissafinsa na bayan takardar kuɗin wuta:
wake gwangwani huɗu, ƙwai, madara,
ayaba uku da suka fara ɗigon baƙi
don su aka rage wa kuɗi.
Yakan rufe katin abincin da tafin hannu
kamar mai ɓoye gyambo.
Ni kuma sai in dubi agogo, in ba shi wuri.

Dala sittin da ɗaya ake zuba masa a wata.
Ba ta kai a yi biki ba.
Amma ita ce tsakanin shan magani da abinci
da shan magani da ruwan famfo.

Yesenia Barajas takan zo da sassafe
da rigar aikin dare, ta gidan kula da tsofaffi,
idonta ja, yara biyu na jan gefen keken kaya.
Rannan ƙaramin ya rungumo gasasshiyar kaza,
robar duk ta yi gumi.
Na ce, yi haƙuri, katin ba ya sayen abin da ke tururi.
Ba ni na kafa dokar ba.
Ta mayar, ta ɗauko ɗanya mai sanyi kamar dutse,
ta ce da yaron, tawa ta fi tasu daɗi,
ka manta?
Bai manta ba. Yunwa ce ba ta iya jira.

Wani mai jar hula a bayanta ya yi tsaki,
ya ce da harajinsa ake wannan shagali.
Na dubi shagalin:
shinkafa, albasa, man gyaɗa na shafa wa burodi,
lemo jaka guda.
Ban tanka ba. Manaja na kusa.
Na dai ja kayan mutumin a hankali,
a hankali ƙwarai.

In wata ya yi nisa, layina kan yi shiru.
Kwanduna su rame.
A nan nake jin, cire wannan,
a'a, bar madarar, cire ƙwan.
Kayan da aka fasa sukan taru a gefena
kamar yaran da ba a zo ɗauka ba.
Sai kwanan ya zagayo, kuɗi ya sauka,
tukwane su hau wuta a unguwa
ba tare da kowa ya yi shela ba.

Jiya Wendell ya tsaya bayan ya biya.
Ya kama bel ɗinsa ya nuna mini.
Ya ce, kin gani? Na koma rami na uku.
Bara har sabo na huda da ƙusa.
Muka yi dariya, na baya suna jira.

Abin da bai sani ba,
akwai irin katin nan a jakata,
bayan hoton 'yata.
Ranar hutuna nakan hau bas in ƙetare kogi
zuwa kantin da ba a san fuskata ba.
A can wata yarinya ce a teburi,
da kwalliyar azurfa a hanci.
In na rufe katin da tafin hannu
sai ta dubi agogo.